Tambulan Ɗaya a Zaman Makoki

Ɗakin da na fara sauka a Manchester yana Longsight, a wani layi mai gidaje manne da juna, ta yadda in maƙwabci ya yi tari sai ka ji kamar ka ce masa sannu. Mu huɗu ne a gidan, amma Hausawa mu biyu ne: ni da Sadisu, wani mutumin Gusau da ya shekara uku yana kokawa da digirinsa na uku. Ni kuwa sabon zuwa ne, ina digiri na biyu a fannin lantarki, da tallafin karatu na jiharmu wanda ya fi kyau a takarda. Ban yi wata biyu ba na gane cewa in ban nemi aiki ba, sanyi da yunwa za su haɗu su ga bayana.

Sadisu ne ya kai ni wani kamfani da ke tura ɗalibai aikin wucin gadi, yau otal, gobe ɗakin taro. Tun a hanya yake ja mini kunne, wai in an zo cika takarda in sa a rubuta cewa ba na taɓa giya saboda addini, Turawa ba sa musu da irin wannan. Haka kuwa aka yi. Matar da ke ofis ɗin ta rubuta ba tare da ta ɗago kai ba, ni kuma na fito ina jin kaina kamar wani waliyyi.

Wurin da aka fi tura ni wani tsohon ɗakin taro ne na haya, can gaba da mu a kan Stockport Road. Ana biki a wurin, ana murnar ranar haihuwa, amma kasuwarsu ta fi ci da masu makoki. Aikina shayi da burodi da kwashe faranti. Kantar giya kuwa ta Shirley ce, wata mata mai shekara hamsin da wani abu, murya a dushe saboda sigari, tana riƙe da 'ya'ya biyu ita kaɗai. Sunanta ne a takardar lasisin da ke manne a bango, wato ita doka ta sani a kan duk abin da aka zuba a tambulan a gidan.

Ban taɓa zaton zan samu uwar ɗaki a bayan kantar giya ba, amma haka Allah ya yi. A makon farko ta tarar da ni ina salla a lungun bayan gida, washegari ta share mini ɗakin ajiye kujeru. Kafin wata guda ta fi ni sanin lokacin la'asar. Ita ke duba burodin da aka kawo ta ware mini wanda babu naman alade. Da ta ga rigar sanyin da na zo da ita daga kasuwar Kwari sai da ta yi dariya har da tari, ta kawo mini wata mai kauri da tsohon mijinta ya bari, ta ce gara ta yi wa wani amfani tunda mai ita bai yi ba. Sunana Habibu ya yi mata tsawo, Habib take ce mini, kuma na daina gyara mata.

Abin da na kasa sabawa da shi shi ne makokinsu. Daga maƙabarta sai kantar giya. Suna sanye da baƙaƙen kaya, suna ɗaga tambulan, suna ba da labarin mamaci ana dariya. Ranar farko na zaci ɗaki na ɓace. Ni da na baro zaman makokin mahaifina shekara ɗaya kafin zuwana, inda babu abin da kake ji sai ƙarar carbi da "ya haƙuri", sai duk wannan ya riƙa tayar mini da kewar gida. Na tuna yadda dattawan unguwa suka lallaɓa mu a kwanakin nan uku. Duk abin da muka ce muna so, ko shirme ne, ba mai musa mana. A wurinmu mai makoki kamar majinyaci ne, ba a ja da shi.

Wata Alhamis cikin hunturu aka kawo makokin matar wani tsoho, Mista Nolan, tsohon direban bas da ya kusa tamanin. Sun fi shekara hamsin tare. Tun azahar yake sha, abokansa na saya masa, kowa na ganin taimakonsa yake yi. Wajen ƙarfe uku harshensa ya yi nauyi, in ya miƙe sai ya dafa kujera. Ya je kanta ya nemi ƙari, Shirley ta ɗora hannunta a kan nasa ta hana shi cikin lalama, ta haɗa masa shayi. Sannan ta tara mu ma'aikata ta ce Mista Nolan ya isa haka, kada wanda ya ƙara masa. Da kunnena na ji. Har na gyaɗa kai, ina cewa a raina ina ruwan biri da gada.

Tsohon ya ja jiki ya koma ƙaramin ɗakin da ake rataye riguna, ya zauna shi kaɗai. Na shiga kwashe kofuna, sai ya kama hannun rigata. Ya tambayi sunana da garinmu, ya yi ƙoƙarin faɗin Funtuwa ya kasa. Ya ce abin da yake tsoro shi ne ya buɗe ƙofar gidansa anjima, babu mai ce masa ya goge takalminsa. Hawaye na bin kumatunsa, bai ma damu ya share ba.

"Ɗana," ya ce, "ga tambulan can a ƙarshen kanta, mai shi ya fita shan sigari. Miƙo mini. Ɗaya tak. Yau na binne ta."

Da matashi ne da na yi masa wa'azi har ya gaji. Amma wannan ya girmi mahaifina, ya ce mini ɗana, ƙasar kabarin matarsa tana nan a takalminsa. Kunya ta ɗaure mini baki. Nan take na zama malamin kaina, na ba kaina fatawa: ba ni na saya ba, ba ni na zuba ba, kuma ba sai hannuna ya taɓa ba. Na je na sa gefen faranti na turo tambulan ɗin kan tire, na kai masa. Wiski ne, kusan rabi. Ya ɗaga kai ya shanye a tashi ɗaya, ya sa mini albarka irin tasu.

Ba a yi rabin awa ba ya ce zai tafi gida. Matakalar ƙofar gaba a jiƙe take da ruwan sama. Ina kicin na ji ƙarar faɗuwarsa, na ji mata sun sa ihu. Ƙashin ƙugunsa ya karye, kansa ya bugi dutse. Motar asibiti ta zo ta tafi da shi. 'Yarsa, wata mata mai tabarau da ta yi ta hidima da baƙi tun safe, ta shiga ɗakin riguna ɗauko masa kwat, ta fito riƙe da tambulan ɗin tana tambayar wanda ya ba ubanta bayan an ce an hana shi. Kowa ya dubi kowa. Ba wanda ya dube ni.

A makonnin da suka biyo baya na koyi dokar giya ta ƙasar nan fiye da darasin lantarki. Ba wa wanda ya riga ya bugu giya laifi ne, a kan wanda ya sayar da kuma wanda ya ɗauko masa. 'Yar Mista Nolan ta kai ƙorafi council, wato ƙaramar hukuma, ta nemi a sake duba lasisin wurin, lauyanta kuma ya aiko da takardar neman diyya. 'Yan sanda suka karɓi hoton kyamara. Kyamarar ta nuna Shirley tana zuba wiskin bayan lokacin da ta ce ta hana, ta ajiye a ƙarshen kanta. Daga nan wani ginshiƙi ya tare, ba a ga hannun da ya ɗauka ba. Ta rantse wani ne ya saya, amma mutumin ya bi iska, ba wanda ya san shi. Mai wurin ya samu wanda zai ɗora wa jakar tsaba, ya dakatar da ita. Da ake bin sunayen ma'aikata don ɗaukar bayani, aka zo kaina sai mai wurin ya ce wannan ba ya taɓa giya, yana ma rubuce a takardarsa. Aka tsallake ni.

Na daure kwana goma, sannan wata safiya muna shan shayi na faɗa wa Sadisu. Saura kaɗan ya ƙware.

"Malam Habibu, ka ja bakinka ka yi shiru," ya ce. "Allah ya rufa maka asiri, kai kuma za ka tona da hannunka? Ka san me police caution, gargaɗin 'yan sanda a rubuce, ke yi wa visa? In ka zo renewal sai sun tambaye ka. Sannan scholarship board su ji an kama ɗansu da laifin serving alcohol? Ita 'yar ƙasa ce, za ta samu wani aikin. Kai fa?"

Gaskiya maganarsa ta yi mini daɗi, don abin da nake son ji ke nan. Amma daga ranar zama ya gagare ni. In na buɗe littafi sai in karanta layi ɗaya sau goma. Na daina karɓar aiki daga kamfanin. Na daina hawa bas ɗin da ke bi ta gaban wurin, na gwammace in yi zagaye a ƙafa cikin ruwan sama. In na ga mace mai jan gashi irin na Shirley a kasuwar Longsight sai in shige shagon nama in tsaya ina taya abin da ba zan saya ba. Rigar da ta ba ni na naɗe na tura ƙarƙashin gado, na koma ta Kwari, ina rawar sanyi.

Da aka gama darussan aji, ya rage rubutun kundi, sai na ce wa kaina Birmingham ta fi sauƙin rayuwa, kuma akwai wani malami a can da zai duba mini aiki. Ƙarya ce, gudu nake yi. Na samu ɗaki a Selly Oak ta hannun wani dillali da ya turo mini hoto mai taga da labule. Da na isa sai na tarar hoton ɗakin wani ne, nawa tsohon wurin ajiye kaya ne a ƙasan bene, in na miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa. Ban ko yi faɗa ba. 'Yan gidan yara ne Turawa 'yan shekarar farko a jami'a, kwalabe jere a kan taga kamar kayan ado. Duk safiya sai na tsallake su kafin in dafa shayi. An gudu ba a tsira ba.

Ranar Lahadi nakan je Small Heath gidan Kawu Tanimu, abokin mahaifina tun suna makaranta, akanta ne da ya fi shekara ashirin a ƙasar. A gidansa na fara cin tuwo da miyar kuka bayan wata takwas, na ci har idona ya kawo ruwa, matarsa ta zaci yaji ne. 'Ya'yansa suna gaishe ni da Hausa mai karyayyen wuya, sannan su juya Turancinsu na Birmingham da ko malamaina ba sa yin irinsa. Wata Lahadi ya tara baƙi, likitoci biyu da wani injiniya. Da la'asar ta yi sai ya tura ni gaba in ja salla, yana faɗa musu cewa wannan ɗan marigayi Alhaji Lawal ne, yaron da ya sa aka rubuta a takardar aikinsa ba ya taɓa giya, ya ce irin waɗannan ake so su riƙa zuwa. Na ja sallar. Allah ya taimake ni ba a karatu a bayyane, da sun ji yadda muryata ke rawa.

Wata huɗu da faɗuwar tsohon, ina tafe a Bristol Road da rana, wayata ta yi ƙara. Shirley ce. Na ce shi ke nan ta gano. Ashe ba haka ba ne. Sai da ta tambayi karatuna, ta tambaya ko ina cin abinci. Sannan ta ce nan da mako biyu kwamitin council zai zauna, kuma in suka cire sunanta daga lasisin babu mashayar da za ta sake ɗaukarta a garin. Yanzu shara take yi a wani ofis, awa uku a rana.

"Kana wurin lokacin da na hana shi, Habib," ta ce. "Sauran duk suna tsoron mai gida. Kai kuwa za su yarda da kai, kowa ya san kai mai addini ne, ba ka da abin karewa. Ka zo ka faɗi abin da ka gani kawai."

Na ce mata zan zo.

Na je wurin masu ba ɗalibai shawarar shari'a kyauta. Wata lauya 'yar Indiya ta saurare ni har na gama, ta faɗa mini komai ba rufa-rufa. In na amsa laifi, ana iya cin tarata ko a ba ni gargaɗin 'yan sanda a rubuce, kuma dole in bayyana shi duk ranar da na nemi ƙarin biza. Ba za ta iya yi mini alkawarin abin da za su yanke ba. Ta ƙara da cewa babu dokar da ta tilasta mini in tona kaina. Na fito da shirina a hannu: zan faɗi cewa na ga Shirley ta hana shi, wanda gaskiya ne, in ja bakina a kan sauran. A cikin motar komawa Manchester na maimaita jawabin ya fi sau ɗari, na canza kujera sau biyu, har direba ya riƙa kallona ta madubi.

Da safe aka yi zaman, a wani ɗaki mai dogon tebur a ginin council. Mutum uku a gaba, wata dattijuwa ce shugabarsu. 'Yar Mista Nolan da lauyanta a dama, mai wurin da nasa a hagu, Shirley ita kaɗai a gefe cikin baƙar riga da ta yi mata yawa, ta rame har wuyanta ya fito. Da ta gan ni ta ɗaga mini hannu.

Aka kira ni. Na faɗi yadda ta ɗora hannu a kan nasa, yadda ta haɗa masa shayi, yadda ta tara mu ta gargaɗe mu. Na ga kafaɗunta sun sauka. Na yi zaton na gama, sai lauyan 'yar ya gyara tabarau ya ce yana da tambaya ɗaya. Tunda ni ke zagayawa kwashe kofuna, ko na ga wanda ya kai wa tsohon tambulan ɗin?

Amsa ta riga ta zo bakina a shirye: ban ga wani ya kai masa ba. Kuma ba ƙarya ba ce, ban ga wani ba. Malamin nan na cikina ya sake tasowa da fatawarsa. Na dubi Shirley, tana kallona da irin kallon da uwa ke yi wa ɗanta ranar saukar karatu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Ni na kai masa," na ce.

Shugabar ta juya takardun gabanta, ta ce amma a nan an rubuta ba na taɓa giya saboda addinina. Na ce haka aka rubuta. Sannan na ba su labarin tun daga kama hannun riga har zuwa gefen faranti. 'Yar tsohon ta cire tabarau ta rufe fuska da hannu. Ban iya sake duban inda Shirley take ba.

Kwamitin bai cire sunanta ba. Sun bar wa wurin lasisinsa da sharuɗɗa, a sa kyamara a ƙaramin ɗakin, a horar da duk ma'aikacin da aka turo ko da shayi kawai zai raba. Maganar diyya ta koma tsakanin lauyoyi da kamfanin inshora. Ni kuma bayan kwana tara 'yan sanda suka kira ni na sa hannu a takardar gargaɗi, tana nan a jakata, tana jiran ranar da zan cika takardar biza. Mista Nolan ya tashi, amma bai koma gidansa ba, yana gidan kula da tsofaffi. Na so in je in duba shi in ba shi haƙuri kamar yadda aka koya mana, lauya ta ce kada in kuskura.

Duk wannan bai tsaya mini a rai ba kamar abin da ya faru da muka fito daga zaman. Na tarar da Shirley a tashar bas, ta kunna sigari. Na tsaya nesa kaɗan. Ita ta fara magana, ba ta kalle ni ba.

"Wata huɗu, Habib."

Na shiga yi mata bayani. Na ce a garinmu ba a musa wa wanda ya yi rashi, ba a ce wa tsoho a'a, ballantana wanda ya kira ka ɗansa. Na ce tausayi ne ya kama ni. Ta bar ni na kai aya.

"Shekara ashirin ina hana mazan da suka binne matansu," ta ce. "Kana tsammanin ba ya mini ciwo? Na hana shi ne don ina so ya isa gida da ƙafarsa." Ta taka guntun sigarin. "Na gode da ka faɗa. Da gaske nake. Amma kada ka sake kirana."

Bas ya iso. Hanyarmu ɗaya, ni wurin Sadisu na sauka a Longsight, ita gaba da nan kaɗan take sauka, kuma ga kujeru nan fanko ina hangowa ta taga. Ta shiga ta zauna. Direba ya riƙe ƙofa yana kallona, na girgiza masa kai, na tsaya jiran na baya.